Ciwon sukari a Tasawa da Mayahi: abin da ke hana awon majinyata daidaita

A ƙasar Hausa an saba da ciwon da ke zuwa ya wuce. Masassarar cizon sauro ta kama mutum da damina, a ba shi ƙwayoyin kwana 3, ya miƙe ya ɗauki hauyarsa. Da irin wannan sabo ne mutane da dama ke tarbar ciwon sukari ranar da likita ya shaida musu suna da shi. Alal misali, ɗan kasuwa mai shekara 50 da ƴan kai ya je asibiti yana kukan ƙishirwa da kasala da yawan fitsarin dare, a auna jininsa a tarar sukari ya kai giram 3, a rubuta masa magani. Cikin mako 2 ƙishirwa ta kwanta, barci ya dawo, sai ya yi hamdala ya ce ya warke. Kwalin magani ya ƙare bai sake saye ba. Ba za a ƙara ganinsa ba sai ran da wani ɗan ƙurji a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa, ko kuwa ganinsa ya soma yin hazo.

Ciwon sukari irin na manya, wanda likitoci ke kira na biyu, riƙonsa ake yi har iyakar rai. Babban abin da ke ɓata wannan riƙo kuwa shi ne yankewa, ko dai ta magani, ko ta awo, ko ta komawa wurin likita, kuma kowace yankewa tana da dalilinta a cikin rayuwar mutanen Tasawa da Mayahi.

Girman al'amarin

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna kowace daga cikin gundumomin biyu na jihar Maraɗi tana da mutum fiye da dubu 500, akasarinsu manoma da makiyaya mazauna karkara. An daɗe ana ɗaukar ciwon sukari a matsayin ciwon alhazan birni, amma binciken da ma'aikatar lafiya ta Nijar ta gudanar a 2007 tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ya samu kashi 4,3 cikin ɗari na waɗanda aka auna suna da shi. Ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke ɗauke da shi a ƙasashen Afirka na kudu da hamada, fiye da rabinsu kuma ba su ma sani ba. A ƙarshen 2024 OMS ta bayyana cewa masu ciwon a duniya sun haura miliyan 800, kuma fiye da rabin waɗanda suka kai shekara 30 a cikinsu ba sa shan wani magani.

Ƙiba da yawan zama suna jawo shi, gado ma yana da hannu, sai dai ramammen manomi bai tsira ba. Masana sun lura cewa wanda ya sha tamowa yana yaro zai iya girma da raunin gaɓar da ke samar da insulin, sinadarin da ke kwashe sukari daga jini zuwa cikin naman jiki. A yankin da ya ga yunwar 2005, wannan batu ne da ya kamata a riƙe.

Me ake nufi da daidaita?

A asibitocin Nijar ana auna sukari da giram a cikin lita guda ta jini. Idan mutum ya kwana bai ci komai ba aka samu 1,26 ko fiye, har sau biyu, to yana da ciwon. Wanda yake kan magani ana so awonsa na safe ya zauna tsakanin 0,80 da 1,30, kada kuma ya wuce 1,80 awa 2 bayan cin abinci. Akwai wani gwaji da ake kira HbA1c wanda ke nuna yadda sukari ya kasance a cikin wata 2 zuwa 3 da suka wuce, kuma ga yawancin manya ana so ya kasance ƙasa da 7 cikin ɗari.

Waɗannan alƙaluma ba na ado ba ne. Wani dogon bincike da aka yi a Ingila a kan majinyata fiye da dubu 5, wanda aka soma bayyana sakamakonsa a 1998, ya nuna cewa duk maki guda da aka rage a wannan gwaji yana tafiya da raguwar lalacewar ƙananan jijiyoyin jini na ido da ƙoda da kimanin kashi 37 cikin ɗari. Sukarin da ya zauna a sama yana cin waɗannan jijiyoyi a hankali ba tare da zogi ba. Mutum zai iya yawo shekaru da awon giram 2 yana cinikinsa, yana jin garau, alhali ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa suna lalacewa. Saboda haka jin daɗin jiki ba shaida ba ne, awo ne shaida.

Awon da ba a yi

A nan ne matsala ta farko take. Gwajin HbA1c galibi sai a manyan asibitoci da ɗakunan gwaji na Maraɗi ko Damagaram, kuma Tasawa tana da nisan kilomita kusan 120 daga Maraɗi. Abin da ya rage wa mafi yawan majinyata shi ne ɗan digon jini na yatsa, wanda ke nuna halin sa'ar da aka yi shi kaɗai. Wasu kan kame baki kwana 2 kafin ranar ganin likita don gudun faɗa, awo ya fito da kyau, likita ya bar magani yadda yake, su kuma su koma gida su ci gaba da abin da suka saba. Wanda ya yi haka kansa ya yaudara.

Masu hali kan sayi ƴar na'urar awo a Kano ko Yamai, ko wani ɗan uwa ya aiko da ita daga waje. To sai dai kowace na'ura da irin tsinkayenta, kuma sau da yawa idan na farko suka ƙare ba a samun irinsu a kusa, sai na'ura ta koma cikin adaka. Zafi da barin murfin gwangwani a buɗe su ma suna ɓata tsinkayen. Ko shi gwajin wata 3 ɗin yana iya yin kuskure ga mai amosanin jini ko mai ƙarancin jini, abubuwan da ba baƙi ba ne a jihar Maraɗi, shi ya sa ya kamata majinyaci ya shaida wa likita idan yana da ɗaya daga ciki.

Kuɗi da nisa

Tsarin magani kyauta da Nijar ta kafa wajen 2006 ya shafi yara ƴan ƙasa da shekara 5, da awon ciki, da tiyatar haihuwa, amma bai haɗa da ciwon sukarin manya ba. Ragin kuɗin aikin asibitocin gwamnati da aka soma a watan Satumba na 2024 ya kawo sauƙi wajen ganin likita da gwaje-gwaje, sai dai ƙwayar da za a sha kullum tana nan a wuyan mai ciwo. Metformin da glibenclamide, waɗanda su ne aka fi rubutawa, ba su cikin magunguna masu tsada idan aka sayi na jenerik, amma abin da ake saye wata bayan wata har ƙarshen rayuwa nauyinsa dabam yake. Ga mutumin ƙauyukan Urafan ko Korgom, ko na Gidan Amumun da Kanambakashe, sai an haɗa da kuɗin kabu-kabu ko motar kasuwa da asarar yinin aiki.

Don haka shan magani yakan bi juyin aljihu. Da kaka, sa'ad da aka sayar da wake da gyaɗa da aya, ana saye. Da bazara ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, sai a soma raba ƙwaya biyu, ko a sha yau a tsallake gobe, ko a ajiye sai ran da jiki ya yi nauyi. Ma'aikaci shi ma yana da nasa juyin, domin kwanakin ƙarshen wata ba su san da takardar likita ba, balle ɗan fansho mai jiran a biya.

Wani sa'in kuma da kuɗin a hannu maganin ne babu. Takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta saka wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wanda aka ɗage a watan Fabrairu na 2024, ya tsayar da kaya a kan iyakoki, har da magunguna. A lokacin ne kuma Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take turowa, alhali layin Katsina zuwa Gazawa ne ke ba wannan yanki wuta, abin da ya jefa masu ajiyar insulin a firji cikin zullumi.

Kwano da kofin shayi

Abincin yankin tsaba ne: tuwon hatsi, fura, kunu, koko, ga kuma shinkafa da taliya da burodi da garin rogo waɗanda suka shiga gari sosai. Dukkansu jiki yana mayar da su sukari. Abin lura shi ne yawan abin da aka ci a zama guda, da abin da aka haɗa shi da shi. Malmala guda da miyar ganye mai yawa da wake ba ɗaya take da malmala 3 da miya ɗan kaɗan ba. Furar da aka dama da nono tsagwaro ba ɗaya take da wadda aka zuba wa sukari ba. Zogale da rama da yakuwa da kabeji suna cika ciki ba tare da sun ɗaga awo sosai ba.

Akwai kurakurai da suka yaɗu. Wasu na ɗauka alkama ba ta da laifi, sai su bar hatsin gida su koma tuwon alkama suna ci son ransu, alhali ita ma tsaba ce. Wasu na ganin zuma halal ce ga mai ciwo tun da ba sukarin kanti ba ce, alhali tana ɗaga awo kamar shi. Wasu kuma sukan tsorata su daina cin kusan komai, su rame, su gaji, daga baya su watsar da dokar gaba ɗaya.

Shayin fada kuwa, ga ƴan kasuwa da ma'aikata, shi ne babban ɓarawo. Ana dafa shi zagaye 3, kowane da sukarinsa, wani ya sha na hantsi a shago, na la'asar a ƙofar ofis, na dare a ƙofar gida. Ƙwayar sukarin kwali tana da kimanin giram 5, kwalbar lemo ƴar ƙarama kuma tana ɗauke da abin da ya kai ƙwaya 6 zuwa 7. Mai ciwo yakan ji kunyar mayar da kofi, kamar yadda yake jin kunyar ƙin cin abincin suna ko na biki. Wasu ma ɓoye ciwon suke yi, domin teɓa alamar wadata ce a idon jama'a, rama kuwa tana jawo tsegumi.

Ƙari a kan haka, tukunya ɗaya ake ɗorawa a gida. Idan maigida ne kaɗai ya ji bayanin likita, uwargida da ke riƙe da ludayi ba ta ji ba, babu abin da zai canza. Idan kuma ita ce mai ciwon, da wuya a sake tsarin girki dominta.

Motsa jiki shi ma ya yi ƙaranci ga mazauna gari. Mai shago yana zaune daga safe zuwa magariba, masallacin unguwa ma a kan babur ake zuwa. Abin da OMS ke nema bai fi ƙarfin kowa ba: minti 150 a mako, wato tafiyar ƙafa da ɗan sauri ta minti 30, kwana 5. Manomi kuwa matsalarsa akasin haka ce. Da damina yana noma tun asuba da ɗan abinci kaɗan, idan ya sha glibenclamide a haka sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da 0,70, ya kama rawar jiki da gumi da jiri, wani sa'in har ya suma. Maganin wannan a nan take ƙwayar sukari 3 ce, daga baya likita ya gyara adadin ƙwayar. Amma da yawa daga ranar suke tsoron maganin su bar shi.

Shekaru da tsoron allura

Ko wanda bai taɓa fashin magani ba, ciwon yana tafiya gaba, domin ƙarfin gaɓar da ke samar da insulin yana raguwa shekara bayan shekara. Binciken Ingila da aka ambata ya nuna cewa bayan shekara 3 kimanin rabin majinyata ƙwaya iri guda ba ta isarsu, bayan shekara 9 kuwa wajen kashi 75 cikin ɗari ne. To ga shi an saba a riƙe tsohuwar takardar likita a yi ta kai ta kantin magani shekara da shekaru ba tare da an koma an sake duba ta ba. Maganin da ya yi daidai shekara 5 da suka wuce ba lalle ne ya isa yau ba.

Idan likita ya ambaci insulin sai hankali ya tashi, domin ana cewa wanda ya soma allura kwanansa ya ƙare. Asalin wannan magana shi ne jinkiri: ba a yarda da allurar sai ƙoda ko ƙafa ta riga ta lalace, idan mutum ya rasu sai a ɗora wa allura laifi. Insulin kuwa tun gano shi a birnin Toronto na Kanada a 1921 yake ceton rayuka.

Batun ajiyarsa a zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, damuwa ce ta gaskiya, amma tana da mafita. Kwalbar da ba a buɗe ba firji take so. Wadda aka soma amfani da ita kuwa, wani bincike na ƙungiyar likitoci ta MSF da jami'ar Janiba ya nuna a 2021 cewa tana riƙe ƙarfinta mako 4 a zafin da ke kai-kawo tsakanin digiri 25 da 37. Dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani, wadda Mohammed Bah Abba na jihar Jigawa ya yaɗa har ya samu lambar yabo a shekara ta 2000, tana taimakawa wajen sauke zafin, muddin an ajiye ta a inuwa inda iska ke bi.

Tafiya da azumi

Fatauci da cin rani suna daga cikin rayuwar yankin. Mai zuwa Kano sarin kaya, da mai tafiya Agadas ko Libiya ko wuraren haƙar zinariya, sau da yawa da maganin kwana kaɗan yake tashi, ya ƙare a hanya, ga abincin tasha da lemo. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki kuma yakan rabu da likitan da ya san shi, ya soma daga farko ba tare da wata takarda ba.

Watan Ramadan ma yana da nasa. Binciken da aka yi a ƙasashe 13 a 2001 ya nuna kusan kashi 79 cikin ɗari na masu irin wannan ciwo suna yin azumin aƙalla kwana 15, kuma faɗuwar sukari mai tsanani tana ninkuwa a cikin watan. Da rana haɗarin faɗuwa, da dare kuma hawa, saboda kunu mai sukari da zoɓo da soye-soye. Da yawa za su iya azumi lafiya idan sun ga likita makonni kafin watan ya tsaya aka sake musu lokutan shan magani. Ƙa'idar da likitoci suka tsayar ita ce a karya azumi idan awo ya yi ƙasa da 0,70 ko ya haura giram 3. Malamai sun bayyana cewa awon yatsa ba ya karya azumi, kuma shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame.

Maganin tebur da na gargajiya

Ba kasuwar da ba a jin mai lasifika yana tallar garin da ke warkar da sukari cikin mako guda. Haɗarin ya fi yawa idan mutum ya ajiye ƙwayarsa ya koma kan garin, domin ɗaci ba ya kashe zaƙin jini. Zogale abinci ne mai amfani, amma bai maye gurbin magani ba. Ƙwayoyin tebur da ke yini a rana kuwa babu mai tabbatar da abin da ke cikinsu. Akwai kuma dexamethasone da danginsa, waɗanda wasu mata ke sha don ƙiba, wasu tsofaffi kuma don ciwon gaɓoɓi, kuma an san suna ɗaga sukari ƙwarai. Masassara, da gyambo, da ciwon haƙori, da tarin fuka su ma suna ɗaga shi, don haka ranar rashin lafiya rana ce ta ƙara awo da neman likita.

Abin da ya rage a yi

Ga mai ciwo, abin farko shi ne ɗan littafi da zai riƙa rubuta awonsa da sunan maganinsa da adadinsa, yana tafiya da shi duk inda ya nufa. Ya sayi sabon kwali tun saura na mako guda, ya koma wurin likita duk wata 3 ko da yana jin garau, a duba masa hawan jini a kowace zuwa, ido da ƙoda kuma sau ɗaya a shekara. Ya duba tafin ƙafarsa kowane dare, ya tsane tsakanin yatsu bayan alwala, ya daina tafiya ba takalmi a ƙasar da ke da ƙaya da rairayi mai zafi.

Ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke ɗauke da nauyin tsoho ko tsohuwa a ƙauye, aika maganin wata 3 gaba ɗaya ya fi aika kuɗi jefi-jefi, kuma ya fi arha nesa ba kusa ba a kan jinyar yanke ƙafa ko wankin ƙoda.

Ga hukumomi kuwa, babban taron OMS na 2022 ya tsayar da burin cewa kafin 2030 kashi 80 cikin ɗari na masu ciwon su san suna da shi, kashi 80 na waɗanda suka sani kuma sukarinsu ya daidaita. Ba za a kusanci wannan buri a Tasawa da Mayahi ba sai an horar da ma'aikatan cibiyoyin CSI, an ba su na'urar awo da tsinkaye da maganin jenerik da ba ya yankewa, an kuma kawo gwajin wata 3 asibitocin gundumomin biyu. Gidajen rediyon karkara da limamai da sarakuna suna da rawar takawa wajen bayani, ba sai ranar 14 ga Nuwamba ta ciwon sukari ta duniya kaɗai ba.

Hausawa na cewa yau da gobe ta sa allura ginin rijiya. Da kaɗan-kaɗan ciwon sukari ke ɓarna, kuma da kaɗan-kaɗan ɗin ake tare shi. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.